Kwat ɗin da Malam Tanko Ya Farke

Malam Tanko tela ya sauka Makera ta Kaduna shekara ɗaya bayan sojoji sun dawo daga yaƙin Bama, da keken ɗinki a ka, matarsa Dije na biye da ƙullin kaya. Bazazzagi ne. Mahaifinsa ɗinkin hannu yake yi, irin wanda kan shafe wata uku a gaban riga ɗaya. Shi kuwa Tanko, tun ranar da ya ga keke ya cinye dogon ɗinki kafin a gama gaisawa, ya ce allura ta yi masa kaɗan.

Ya kama rumfa a bakin hanyar da ma'aikatan reluwe ke bi zuwa tasha. Kaki yake ɗinka musu, gajeren wando da taguwa mai aljihu biyu, idan sallah ta matso kuma sai kaftani. Aikinsa da tsabta, bai cika saɓa alkawari ba. Abu ɗaya aka san shi da shi: ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale. Ranar da ya sayi kekensa sai da ya kwance shi kaf, ya jera ƙarafunan a tabarma, ya kwana biyu kafin ya mayar. Ya taɓa buɗe agogon limamin unguwa. Har mutanen Makera kan ce, in za ka ba Tanko ajiya, ba shi abin da ba shi da murfi.

A farkon 1958, sabuwar masaƙar Kakuri tana ta ɗibar ma'aikata, wani saurayi mai suna Jethro ya jingine kekensa na hawa a gaban rumfar. Mutumin Kagoro ne, dogo, siriri, yana aiki a sashen saƙa. Tanko ya taɓa ɗinka masa wando. Wannan karon da wani ƙunshi ya zo, naɗe cikin tsohuwar jarida.

"Malam, aure zan yi bayan Ista," in ji shi. "Kwat nake so."

"Allah ya sanya alheri. Amma Jetiro," haka Tanko ke kiran sunan, "kwat ai sai ka haye gada. Akwai teloli 'yan Kudu a cikin gari, aikinsu ke nan."

"Na je. Ɗaya ya ce sai bayan wata uku. Ɗayan kuma ko kallona bai yi ba. Kai na sani."

Ya warware jaridar. Baƙin kwat ne na ulu, ya ɗan sha jiki a gwiwar hannu. Ya ce na yayansa ne, Ticha Sylvanus, malamin makarantar mishan. A gwanjo ya saye shi shekara bakwai da suka wuce, lokacin da wani Bature zai koma gida. Ticha zai tafi Kagoro hutun mako biyu, ya yarda a bar shi a rumfa don tela ya gani ya kwaikwaya.

Tanko ya goge hannunsa a jikin riga kafin ya karɓa. Ya sha ganin kwat a jikin akawuna, amma bai taɓa riƙe shi ba. Ya ɗaga shi sama da yatsu biyu. Abin mamaki, ba kowa a ciki, amma kafaɗun suna tsaye, ƙirjin a cike, kamar mai shi ya fita ya bar siffarsa. Duk rigar da Tanko ya sani, in ka cire ta sai ta zube.

"Me ke riƙe da shi?"

"Ni ina zan sani, Malam?"

"In ɗan buɗe shafin nan na ciki..."

"A'a! Don Allah, Malam. Gani aka ce. Ticha ko ni bai taɓa bari na sa shi ba."

Tanko ya ce to.

Ranar Asabar suka haye gada neman yadi, su uku, har da amaryar, Rifkatu, wadda ke zaune wajen gwaggonta a Kakuri. A kantin wani Balarabe Kwara aka sauko musu da bandir-bandir. Jethro baƙi yake so, irin na Ticha. Rifkatu ta ce baƙi shi fasto ke sawa ranar binne mutum, ita ba za ta tsaya kusa da shi ba. Aka ɗauko fari. Tanko ya tuna musu jar ƙasar Kakuri, ya ce kafin ango ya kai ƙofar coci ya zama ruwan goro. Mai kanti ya turo wani mai kama da kaki, Jethro da kansa ya ture shi, ya ce ba masinja zai zama ba.

Suna wannan, Tanko ya koma gefe yana abin da ya sa yaran kanti dariya. Sai ya kama bakin yadi ya dunƙule a tafin hannu, ya saki, ya duba ko ya yamutse. Sa'an nan ya kara shi a baki ya hura, ɗaya hannun a baya.

"Malam, me kake yi?" Rifkatu ta tambaya.

"'Yata, auren nan a tsakiyar bazara za a yi shi. Yadin da numfashina bai ratsa ba, iskar Allah ma ba za ta ratsa ba. So kike ya faɗi a gaban mutane?"

Ita ma ta kama hurawa. A ƙarshe ita ta samo shi, wani shuɗi mai duhu, kalar baba, mara nauyi. Jethro ya ɗan yi gunaguni cewa bai taɓa ganin akawu da shuɗin kwat ba. Ta ce ai ba akawu za ta aura ba.

Yadi ya zo rumfa, Tanko ya auna Jethro, amma ya kasa sa almakashi. Kwana uku kwat ɗin Ticha na rataye a ƙusa yana kallonsa. Ya shafa ta waje, ya shafa ta ciki. Akwai wani abu mai tauri tsakanin ulun da shafin, yana jin sa a yatsa, in ya lanƙwasa sai ya miƙe da kansa. Dije ta kawo abincin rana ta tarar da shi ya kara kunne a ƙirjin kwat yana murzawa.

"Malam, amanar mutane ce fa."

"Na sani. Taƙi ɗaya kawai zan buɗe, in leƙa in mayar."

Ya sa reza ya tsinke zare daidai taƙi ɗaya. Ya leƙa, duhu. Ya ƙara kaɗan. Ya ga bakin wani irin yadi mai kaushi, launin ƙasa, an kafe shi da ɗaruruwan ƙananan ɗinkin hannu, jere-jere kamar kunyoyin gona. Ina suka nufa? Ya bi su. Suka kai shi kwala, kwala ta kai shi kafaɗa, kafaɗa kuwa ba ta buɗuwa sai an cire hannu.

Da la'asar Jethro ya taso daga aiki ya biyo. Ya ja ya tsaya a bakin rumfa. Kwat ɗin Ticha na shimfiɗe a tabarma, gunduwa-gunduwa, an danne kowace da dutse, an yi mata alama da alli.

"Malam, ka kashe ni."

"Ban yanka ko zare ɗaya na yadin ba, Jetiro. Ɗinki kawai na warware. Laifi na yi, ban musa ba. Amma zo ka ga wani abu. Kai masaƙi ne. Wannan da me aka saƙa shi?"

Jethro bai so ya duba ba. Ya duba. Ya karɓi ƙyallen mai kaushi, ya ɗaga shi a hasken rana, ya zaro sili ɗaya daga gefe. Zaren tsaye na auduga ne, wannan ya san shi. Na kwance kuwa ba zare ba ne. Ya ja shi, ya naɗe a yatsa, ya saki, ya miƙe.

"Gashi ne," ya ce a hankali. "Gashin wutsiyar doki."

"Haka na zata! To a wace irin masaƙa ake saƙa gashi?"

Jethro ya tsuguna. Suka shiga gardamar yadda za a ce ƙoshiya ta ɗauki gashin da bai fi kamu ɗaya ba, har aka kira magariba ba su daidaita ba.

Ticha Sylvanus bai cika mako biyun ba. Kwana tara ya yi, ya sauka daga jirgi, ya ce bari ya biya ya karɓi kayansa tun da hanya ce. Gajere ne kakkaura, mai tabarau, mutumin da yara ke jin takunsa su yi tsit. Lokacin Tanko ya riga ya kwafe kowace gunduwa a takardar siminti, amma bai fara haɗawa ba.

Ticha ya dubi tabarma, ya dubi tela. Ya yi faɗa da Turanci, ya dawo Hausa, ya koma Turanci. Ya ambaci ɗan sanda. Tanko ya sauko daga kan keke ya durƙusa, abin da bai saba yi wa wanda bai kai shi shekaru ba.

"Ticha, gani aka ba ni, na wuce gani. Jetiro ya hana ni. Ba ni da ta cewa sai haƙuri. Ka ba ni kwana huɗu. In ya dawo ba yadda yake ba, ka kai ni duk inda ka ga dama."

Ticha ya sunkuya. Idonsa na kan wani ɗan farin ƙyalle da ke gefe, mai rubutun tawada.

"Wannan fa?"

"A can cikin aljihun ƙirji na same shi, a ɗinke. Ban iya boko ba. Tun ran nan nake son in ji abin da ya ce."

Ticha ya gyara tabarau ya karanta. Sunan Baturen ne, da shekarar 1936, da waɗansu lambobi. Ya daɗe yana kallon lambobin, sa'an nan ya gane: faɗin ƙirji, tsawon hannu, tsawon baya. Ya dubi nasa gajerun hannuwan.

"Ashe shekara bakwai ina yawo cikin awon wani," ya ce. "Shi ya sa kullum hannun ke rufe mini yatsu in ina rubutu a allo."

"In ka yarda, tun da a buɗe yake..."

Ticha ya yi tsaki. Sa'an nan ya ajiye jakarsa ya miƙa hannu a auna.

Kwana biyar aikin ya ci, ba huɗu ba. Da Ticha ya sa kwat ɗin, bai yi godiya ba, bai kuma ƙara zancen ɗan sanda ba. Ya dai daɗe tsaye gaban ɗan madubin rumfar fiye da yadda ya kamata.

Saura na ango. Yadin gashin doki babu shi a Kaduna, ko da akwai Tanko bai san inda zai nema ba. Ya gwada akoko da sitati, ya karye kamar ƙosai busasshe. Ya gwada buhun gyaɗa, Jethro ya ce yana soka. Dije ce ta ce a wanke buhun sau uku, a buga shi a kan turmi kamar yadda ake bugun shuni, sa'an nan a rufe shi da akoko. Ita ce kuma ta shiɓe audugar da aka cusa a kafaɗu. Ƙananan ɗinkin nan na ƙirji kuwa keke ba ya yin su. Tanko ya koma kan tabarma ya naɗe ƙafa da allura, yadda mahaifinsa ke zama, ya yi kwana shida a haka.

Ranar aure, Asabar ce, ya sa farar rigarsa ya taka har Kakuri. Bai shiga cocin ba. Ya tsaya a inuwar mangwaro daidai taga, inda yake hango bayan ango. Wani dattijo ya fito ya ce ya shigo ga wuri, Tanko ya yi godiya ya ce nan ma ya isa. Ya ji an ce ango da amarya kan durƙusa a yi musu addu'a, shi kuwa bai taɓa gwada kwat ɗin a durƙushe ba.

Aka yi waƙa, aka yi wa'azi mai tsawo, mata na ta fifita da takardun waƙa. Jethro na tsaye kyam cikin shuɗin kwat, kafaɗu a miƙe, ba alamar zai faɗi. Da suka durƙusa, Tanko ya yi ɗage. Ɗinki bai ɓalle ba. Amma a ƙasan kwala, ta baya, yadin ya tattare, ya yi wani ɗan tudu kamar yatsa.

Ba wanda ya gani sai shi. Da aka fito ana guɗa, abokan Jethro na masaƙa suka kewaye ango suna shafa hannun kwat, suna tambayar wane kanti. Jethro ya nuna gindin mangwaro. Kafin Tanko ya bar wurin, mutum biyu sun tambaye shi inda rumfarsa take.

Ranar Litinin da hantsi ya yi sallama a gidan amarya, ya ce a ba shi kwat ɗin ya gyara wuyan. Rifkatu ta kawo masa ruwa, ta zauna ta saurari bayanin tudun har ƙarshe.

"Baba, a cikinsa aka ɗaura mana aure," ta ce. "Yadda yake haka nake son sa."

Ba ta bayar ba, ran nan ko daga baya.

Sai bayan shekara biyu, a kan kwat na tara ko na goma, ya gano dalilin: masu aikin masaƙa wuyansu kan ɗan karkata gaba saboda sunkuyo a kan inji, dole a rage bayan kwalar. A lokacin an daina ce masa Tanko tela, sai Tanko Mai Kwat. Ya ɗinka wa malaman makaranta, da direbobin jirgi, da angwaye Kiristoci da ba su ƙirguwa, daga Makera har Kakuri. Shi kansa bai taɓa sa kwat ba. In an tambaye shi, sai ya ce babbar riga ta fi sauƙin alwala.