Alluran da na kawo wa ƙanwata

Mutanen Tamaske sun ɗauka ni lokotoro ne, wato likita, a Faransa. Ban taɓa duba ko akuya ba. Aikina tace magani ne a wata masana'anta. Ana haɗa sinadarin da ke sa mahaifa ta tsuke bayan haihuwa, amma in an haɗa shi yakan fito gauraye da tarkace. Ni nake tura shi da ruwa cikin wani siririn bututun ƙarfe mai cike da farin gari, datti ya riga fita, mai kyan ya biyo baya, in tare shi a kwalba. Kullum yakan tuna mini da inna tana tsiyayar ruwan toka. Wuni guda ina tsaye, abin da zan samu bai cika cokali ba.

Shekarar da fari ya ci garinmu na zo hutu, na tarar da ƙanwata da cikin da aka riga aka ba ni labari. A haihuwarta ta baya jini ya kusa tafiya da ita, don haka na zo da kwalin alluran maganin nan. Na nuna wa majo, babban ma'aikacin jinyar asibitinmu, ya ce a kira shi ranar haihuwa. Na tona rami cikin yashi mai laima a gindin randa na binne kwalin, na ce wa baba na ƙanwata ne, ita kaɗai. Na koma bakin aikina.

Ashe labari ya zaga gari cewa ɗan gidanmu ya kawo allurar Turai. Mai ciwon baya ya zo, mai kasala ya zo. Baba kuwa bai iya hana tsaraba ba. Yana miƙawa ɗaya-ɗaya, mai allurar kasuwa yana soka musu, suna ta sa mini albarka.

Ranar da ƙanwata ta haihu jini ya ɓalle mata, majon ya zo da gudu. Aka tono kwali, babu komai ciki. Kafin a samu motar da za ta kai ta asibitin Keita, ta cika.

Da na dawo gaisuwa na kasa haɗiye fushina, na tambayi baba.

Ya ce, "Mutane sun zaka sun roƙa, in ce musu babu? Kwananta na ya ƙare."

Har yau ban huce ba. A zaman makokin ma wani tsoho ya kama hannuna, ya ce allurata ta yi masa daɗin ƙugu, in na tashi dawowa in ƙaro.