Ranar da Jirgin Surukina Ya Kama

Surukina tsohon sojan sama ne. Da ya yi ritaya, abokan aikinsa suka sayi gonaki, shi kuwa ya je gwanjo ya sayo tsohon jirgin da ake koya wa sababbin sojoji tuƙi, mai farfela ɗaya a hanci da kujeru biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Sai da aka kwance fukafukan, aka fasa katanga, kafin jirgin ya shiga gidansa na Tudun Wada. Ya ɗaure shi da sarƙa a gindin mangwaro. Duk Asabar yana gwada tayar da injin, injin ya yi tari ya yi shiru.

Lokacin da nake neman 'yarsa, bayan manya sun gama magana, aka ce in je in gaishe shi. Na sha babbar riga mai sitati, na same shi a tsakar gida yana goge jirgin da tsumma. Na durƙusa, kaina a ƙasa.

"Tashi ka hau gaba," ya ce.

Na tattare riga na hau, shi ya zauna a baya. Har na ji daɗi, tunda ba za mu haɗa ido ba.

"Kana da tsoro?"

"A'a, Baba."

"Madalla. Kada ka taɓa komai."

Ya shiga danne-danne. Injin ya yi tarinsa. Na ɗaga hannu in gyara hula, hannun rigata ya maƙale a wani ƙarfe, na fizga. Sai jirgin ya yi wata irin ƙara, farfela ta ɗauki juyi, sarƙa ta miƙe, mangwaro ya hau zubowa. Ni da na ce ba ni da tsoro, salati nake da ƙarfi.

"Ya kama! Wallahi ya kama!" Baba ke ihu yana dukan kafaɗata.

Ashe surukata Hajiya ta yi shanyar dakakken barkono a tabarma, daidai bayan wutsiyar jirgin. Iska ta kwashe shi kaf ta tsallakar da shi katanga. Kafin Baba ya kashe injin, layin gaba ɗaya atishawa ake, har masu acaɓa sun faka suna share ido. Hajiya ta fito da muciya a hannu, tana son yin faɗa, atishawa ta hana ta.

Baba ya sauko hawaye shaɓe-shaɓe, ya dube ta ya ce, "Hajiya, a sa rana. Yaron nan hannunsa da albarka."

Bayan biki ya sa na riƙa zuwa duk Asabar da wannan rigar, in zauna a gaba in yi ta gyara hula. Mun gwada hannun dama, mun gwada na hagu. Injin bai sake kamawa ba. Hajiya dai tun ranar a gidan ƙanwarta take shanya.