Hayaniyar da Aka Ɗora wa Sama'ila Mai Eriya

Ina zaune a zaure da waya a hannu, ina kallon fuskar jikana da aka haifa a Fatakwal, aka yi sallama. Ɗana Nura ne ya kanga jaririn a gaban wayarsa, ni kuwa ina ta dariya har da hawaye, domin shi ne jikana na farko. Mai sallamar ƙanin Malam Sama'ila ne. Bai zauna ba. Ya ce, "Baba, Yaya ya cika ɗazu a asibiti." Na yi salati, na sake duban wayar. Hoton yaron tas yake, ko yankewa ba ya yi. Mutumin da ya ɗaura eriyar da ta kawo mini wannan fuskar, shi aka zo gaya mini ya tafi.

Kowa a Nasarawan Doya ya san Malam Sama'ila da sunan Mai Eriya. Shi ke saka wa mutane akwatin intanet a gida, ya kafa dogon ƙarfe, ya juya kan eriya ta fuskanci turken sabis. Daga nan har Kudan da Ikara ana kiransa. Kafin ya hau rufin kowane gida sai ya aika wa maƙwabta cewa namiji zai hau, mata su kimtsa, kuma idan ya hau idonsa ba ya barin aikinsa. Ranar da ya ga reshen mangwaron gidana ya tare eriya, bai sa adda ba sai da ya nemi izinin mai ɗakina, don ita ta shuka shi.

Ni ban yi boko da ƙuruciya ba. Sai da furfura ta fito na shiga ajin manya na yamma, saboda haka ina son a bar ni in karanta abu da kaina. Malam Sama'ila ya gane wannan. Da na yi masa ƙorafi cewa sandunan sabis a cike suke amma magana da Nura tana tsinkewa, bai karɓi wayar ba. Ya nuna mini inda zan taɓa, ya ce, "Baba, karanta mini lambobin nan biyu." Na karanta. Ya ce ta sama ƙarfin muryar turke ce, ta ƙasa kuwa tazarar da ke tsakanin muryar da hayaniya.

Na ce, "Wace hayaniya, gidan nan shiru?"

Ya yi dariya. "Ka taɓa kiran mutum a kasuwar Makarfi ranar da take ci? Muryarka ba ta ragu ba, amma sai ka maimaita kafin ya ji. Haka akwatin nan yake. In hayaniya ta matso kusa da murya, sai ya rage gudu don kada saƙo ya ɓace a hanya."

Daga ranar na koyi kallon lambar ƙasa. Da safe takan hau, bayan la'asar da kowa ya ɗauki waya ta sauka, in ruwa ya jiƙa ganye ta ƙara sauka. Yakan ce, "Kada ka yanke wa layi hukunci da awo ɗaya, ka duba shi safe da yamma." Wata damina gudun ya faɗi ƙasa warwas, na ce a sayo sabon akwati. Ya ƙi. Ya bi wayar eriya da hannu har ya gano mahaɗin da ruwa ya shiga, ya busar da shi ya naɗe. Ya ce, "Lafiyar akwati lau, kada mu ɗora masa laifin da ba nasa ba."

Wannan kalma ta hayaniya, wadda ya koya mini da dariya, da ita aka cuce shi. Ba zan sakaya sunan wanda ya yi ba. Ɗanlami ne, mai gidan kallon ƙwallo a bakin tasha. Malam Sama'ila ya saka masa akwati, kuma ƙwallo da yamma ake bugawa, daidai lokacin da gari duka ke kan turke ɗaya. Hoto ya riƙa tsayawa ana tsakiyar wasa, samari suna yi masa ihu. Ɗanlami ya kira Malam Sama'ila a gaban jama'a, ina wurin, ina sayen goro a gefe.

Malam Sama'ila ya duba ya ce, "Hayaniya ce ta yi yawa a layin, ga kuma mutane sun taru a kai."

Ɗanlami ya ce, "Su wa ke hayaniya a layina? Wa ka shigar?"

"Ba wanda na shigar. Ka bari in dawo da safe ka ga bambanci."

"Kun dai ji da bakinsa. Ya ce akwai mutane a ciki."

Na sa baki na ce ba haka ake nufi ba, ya ce tsoho ya ci goronsa. Kafin mako ya zagayo, magana ta zama cewa Mai Eriya yana haɗa layin mutane da 'yan daji, suna jin wa ya sayar da masara, wa ya sayar da sa. Hujjarsu ita ce eriyar gidansa tana kallon daji. Turken sabis ne a bayan dajin, kuma tawa ma can take kallo, haka ta Ɗanlami. A wannan zamani duk wanda aka kira infoma an gama da shi. 'Yan sintiri suka ɗauke shi, suka dake shi, suka bincike wayarsa da shagonsa ba su sami komai ba, suka sake shi da ciwo a ƙirji. Mutanen da ya hau rufinsu bai taɓa leƙa tsakar gidansu ba suka daina amsa gaisuwarsa. Da na je duba shi, abin da ya tambaye ni shi ne, "Baba, lambar ƙasa tana hawa da safe?"

Na san ajali ne ya ɗauke shi, ba na jayayya da hukuncin Ubangiji. Amma ciwon nan bai bar shi ba har ya kwanta, kuma har yau a makaranta ana kiran 'ya'yansa 'ya'yan infoma. Ranar jana'iza liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, na ga Ɗanlami a sahun gaba yana ɗaga murya da cewa ya yafe. Me ya yafe? Da aka dawo daga maƙabarta ya miƙo mini hannu. Na amsa sallamarsa don wajibi ce, hannuna kuwa na bar shi a aljihu. Na ce masa, "A bainar jama'a ka ɓata shi, a bainar jama'a za ka wanke shi. Ka tashi bayan sallar Juma'a ka ce ƙarya ka yi." Ya sunkuyar da kai ya wuce. Har yanzu bai tashi ba. Ni kuwa kowace Juma'a zan zauna inda zai gan ni, kuma duk wanda ya tambaye ni zan buɗe masa wayata in nuna masa lambobin nan biyu. In ya ƙi har ya mutu, Allah ya isa tsakaninsa da marayun nan, kuma zan tsaya shaida a ranar da ba a buƙatar eriya kafin a ji magana.

Ana gobe suna Nura ya kira, ya ce kamar yadda aka saba ni zan zaɓa. Na ce a raɗa masa Isma'ila. Ranar suna na yanka rago a nan ƙofar gidana, na sa sanƙira ya bi unguwa yana faɗin sunan da wanda aka yi wa takwara, har bakin tasha. Na zaunar da 'ya'yan marigayi kusa da ni, na ba su wayar su ga takwaran ubansu. Hoton bai tsinke ba.

Allah ya jiƙan Malam Sama'ila, ya yafe masa kurakuransa, ya sa dukan da ya sha ya zama kaffara, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba matarsa haƙuri, ya raya 'ya'yansa cikin mutunci, ya wanke sunan ubansu tun muna raye. Ya raya ƙaramin Isma'ila da halin mai sunan. Amin.