Malam Tsoho da Kaset ɗin Agana

Ƙarfe bakwai na safe Malam Tsoho Ɗantala yake buɗe ɗakin ajiyar kaset na sashenmu na tarihi. Ya yi shara, ya goge rikoda, ya bi kaset ɗaya bayan ɗaya yana juyawa don kada zaren ya manne. Shekara talatin da huɗu ke nan. Mu malamai mukan wuce ta ƙofarsa mu jefa masa "ina kwana", ba ma tsayawa jin amsa. Watan gobe zai yi ritaya, kuma tun da na ji labarin na kasa zama wuri ɗaya.

Lokacin kullen korona, da aka rufe jami'a, mun ce za mu wayar da kan jama'a. Muka yi ta taro ta kwamfuta, muna zuba Turanci, muna yabon juna. Takardun faɗakarwar da muka aika Karaye kuwa, masu ƙosai ne suka more su.

Ana haka Malam Tsoho ya kira ni a waya.

"Dakta Zahra'u, akwai kaset goma sha ɗaya da aka ɗauka a ƙasar Karaye da Rogo tun kafin in kama aiki. Dattawa ne ke ba da labarin zamanin agana. Ba wanda ya taɓa tambayarsu."

"To, Malam, me za mu yi da su yanzu?"

"Mu mayar wa masu su."

Sai da ya yi mako guda yana sintiri kafin ya samu izinin buɗe ɗakin da takardar wuce shingayen hanya. Na bi shi ne don kunya.

A Kwanyawa muka iske gidan Abdulsalami, wani manomin gyaɗa, cike da 'yan dubiya. Yayansa yana kwance da zazzaɓi da tari, kuma Abdulsalami ya riga ya kori ma'aikatan lafiya, ya ce cutar 'yan birni ce. Malam Tsoho ya tsaya nesa da takunkuminsa, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya ce, "Kai ne ɗan Ikilima mai fura?"

"Ni ne. Allah ya ji ƙanta, shekararta ashirin a ƙasa."

"Amin. Na zo maka da muryarta."

Ya danna rikoda. Muryar mace ta fito: "Shekarar agana bukka aka yi mini a bayan gari. Inna takan ajiye tuwo a gindin kuka, ta ja baya ta tsaya har in zo in ɗauka. Na zaci ƙina take yi, ashe ƙannena take tsarewa. Maƙwabtanmu da suka ƙi raba nasu, shida suka binne."

Abdulsalami ya zauna a ƙasa daɓas. Da ƙyar ya ce, "Malam, don Allah maimaita."

Kafin la'asar ya sallami 'yan dubiya da kansa, ya keɓe wa yayan ɗaki, ya aika a kira ma'aikatan da ya kora. Yayan bai tashi ba. Bayan kwana tara ya rasu. Amma a gidan mai mutum goma sha bakwai, ba wanda ya sake kwanciya.

Daga nan Malam Tsoho bai huta ba. Falgore, Rogo, ƙauye bayan ƙauye a kan babur, yana neman jikokin masu muryoyin, yana tura musu a wayoyinsu. Mu kuwa muka rubuta maƙala a kan aikin, muka sa sunayenmu huɗu. Nasa ba ya ciki. Har yau abin yana cin raina.

Malam, kai ne ka san cewa mutum ya fi jin uwarsa a kan farfesa. Kai ne ka tuna mana cewa abin da muka kulle a ɗaki aro ne, ba namu ba. Amintaccen mai ajiya, mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ka kuma yafe mana.

Ku 'yan'uwana masu bincike, ku duba akwatunanku. Muryar wa kuke riƙe da ita, kuma yaushe za ku mayar? Kada ku jira wata annoba.

Da muka tambayi Malam Tsoho kyautar da yake so ta ban kwana, cewa ya yi a kai shi Rogo. Saura kaset huɗu bai gano iyalansu ba. Asabar za mu tashi bayan asuba. Akwai wurin mutum biyu a motata.