Na Ƙoshi, Inna

A gidanmu ba a yarda da "na ƙoshi" ta farko. Ta biyu ma ba a yarda da ita. Baƙo zai janye hannu daga kwano ya ce ya ƙoshi, matar gida ta ce me ka ci, ta ƙara masa miya. Sai ya faɗa sau uku, ya haɗa da rantsuwa, sannan a ɗauke kwanon ana mita. Haka na taso na gani a ƙauyenmu da ke bayan Zango, haka kuma na tafi da shi gidan aurena a Daura. Shekara arba'in da ɗoriya ina faɗin kalmar nan don kunya kawai, alhali da sauran wuri a cikina. Ban taɓa zaton za a yi ranar da zan faɗe ta da gaskiyata a ƙi yarda da ni ba.

Ni ce 'yar farin Inna, mahaifiyata, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, in da mutane kuma ta ce "waccan". Ba ta rungumata, ba ta yabona. Ba ƙi ba ne, kara ce irin wadda iyayenmu ke yi wa ɗan fari. Amma kwanona kullum ya fi na kowa nauyi. Tsokar da ta fi taushi a ƙarƙashin tuwona take ɓoye ta. In na je ganin gida ba za ta ce ta yi kewata ba, sai dai ta turo mini ƙwaryar fura tana kallon wani wuri daban. Duk maganar da bakinta ya kasa faɗa, a ƙwaryar nan take zuba ta. Ni kuma in shanye tas. Amsata ke nan, hirarmu ke nan.

Ƙibar ta fara ne bayan haihuwata ta biyu, ta yi ta hawa. Inna takan ce jikin gidansu ne, kuma na san daɗi take ji. Sai ga ciwon suga, sai hawan jini, gwiwoyina suka ƙi ɗaukata. Shekara uku a kan kujera nake salla. Da magunguna suka gaza, maigidana ya kai ni wani asibiti a Abuja inda ake aikin rage tumbi.

Tun ina budurwa nake karatun littattafan soyayya, irin waɗanda muke karɓowa haya a kasuwa mu ɓoye cikin hijabi. A cikinsu in yarinya ta kwanta asibiti, farkawa take fuskarta fayau, masoyinta na gefen gado riƙe da hannunta, idonsa cike da ƙwalla. Har na tsara abin da maigidan zai ce mini. Na farka da yunƙurin amai, bakina a bushe kamar na tauna dusa, shi kuwa yana can waje yana neman inda zai yi cajin waya.

Kafin a sallame ni likita ya zana mini tumbi a takarda, ya ja layi tun daga sama har ƙasa.

"Hajiya, duk wannan ɓangaren mun cire shi. Abin da ya rage bai fi ayaba ba, kuma ɗinki ne a gefensa. Kurɓa-kurɓa za ki riƙa yi. In ya ce ya isa, to ya isa, kada ki ƙara ko loma ɗaya don kunyar wani. In kika ji zuciyarki tana gudu, ko zazzaɓi, ko ciwo a kafaɗar hagu, ki kira ni nan take. Ɗinki yakan yi yoyo."

Yoyo. Da kalmar nan na dawo Daura. Tafiya nake ina tallafe da cikina kamar mai ɗauke da tulun da ya tsage. In atishawa ta zo mini sai in daskare, in saurara ko zan ji wani abu ya ɓalle. Rabin ƙaramin kofi na romo sai ya ɗauke ni tsawon lokacin da ake dafa shinkafa. Ina yawan ɗora yatsa a wuyan hannuna in ji bugun jini. Gashina ya fara bin mataji, har mai kitsona ta daina yi mini hira, sai dai ta riƙa ɓoye abin da ya zube a ƙarƙashin cinyarta don kada in gani.

Ga kuma idon mutane. A wurinmu in mace ta zube farat ɗaya ba a ce ta yi kyau. Ko dai tana ɓoye wani mugun ciwo, ko gidan miji ya yi mata ɗaci, ko an yi mata asiri. Maƙwabta sukan shigo su ce, "Lafiya kuwa, Hajiya?" idonsu a kan wuyana. Maigidan ma bai tsira ba, a majalisarsu wani ya tambaye shi ko ya sa wa rumbu kwaɗo ne.

Inna ba ta san komai ba. Cewa muka yi na je ganin likitan suga. Tsoro nake ji ta ce na kai lafiyayyen cikin da Allah ya ba ni an yanke. Ƙarƙashin wannan kuma akwai wani tsoron da ya fi shi, wanda ko maigidan ban faɗa wa ba: in na daina shanye ƙwaryarta, da me za mu riƙa magana?

A sati na bakwai ƙanwata, autar Inna, ta kira ni.

"Yaya, an kawo wa Inna labari wai kin lalace. Kwana uku ke nan tuwonta ke kwana. Ta ce ko ki zo, ko ita ta hau mota."

Inna ba ta taɓa taka gidana ba, saboda karar nan. In har ta ambaci mota, abin ya kai.

Muka kama hanyar Zango da hantsi. An gama yankan gero, dammuna jingine a gonaki. Duk ramin da mota ta faɗa sai na dafe ciki.

"Ki faɗa mata kawai ki huta," in ji maigidan.

"Kai ka faɗa mata mana."

"Ni? Surukin da ko ido ba ya haɗawa da ita? A karatunki wane littafi ne aka yi haka?"

Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya gaishe ta, ya ce zai shiga kasuwa, sai bayan la'asar zai dawo. Ya bar ni.

Inna na zaune a kan tabarma a inuwar darbejiya. Na gaishe ta, ta amsa tana kallon zanena, wanda yanzu yake zagaye ni har ya yi saura. Ta kalli hannuwana, ta kalli wuyana. Ta miƙa hannu baya ta jawo ƙwarya, ta ɗaga faifai.

Fura ce ta sabon gero, an dama ta da kindirmo, ta yi kauri har ludayi na tsayawa a ciki. Ƙamshin citta da kanumfari ya bugi hancina, yawuna ya tsinke.

"Ke, ba suga a ciki," ta ce tana kallon kaji. "Na san an hana ki. Zuma na sa. Ita magani ce."

Na ɗauki ludayi na kurɓa. Zaƙi har ka. Na sake kurɓa, na sake. A ta uku na ji alamar da na riga na sani, wani tokari a ƙasan ƙirji, kamar an tura ƙofa an sa sakata.

"Alhamdu lillahi. Na ƙoshi, Inna."

Ko motsi ba ta yi ba. Ai ta farko ce.

"Sha dai."

"Wallahi na ƙoshi."

Auta da ke tsintar wake a gefe ta yi dariya. "Yaya yau baƙunta ake yi mana. Ke da kike side ƙwarya har a rasa abin wankewa?"

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce a hankali, "Ko hannuna ne ya daina yi miki daɗi? Ko kuwa abin da ake faɗa gaskiya ne, kina da abin da kike ɓoye mini?"

Muryarta ta ɗan karye a ƙarshe, abin da ban taɓa ji ba. Na tuna takardar likita da layin da ya ja. Na kalli hannun Inna a gefen ƙwaryar, jijiyoyi sun fito, akwai sauran garin fura a farcenta. Sai na cika ludayi na shanye. Na ƙara cikawa. Na ƙara. Kowane haɗiya ina jin yana tsayawa a maƙoshi, ina danna shi da na bayansa, ina murmushi.

Ban fi minti goma da ajiye ludayin ba zufa ta karyo mini. Ba irin ta zafi ba, mai sanyi, daga tsakiyar kai har tafin ƙafa. Zuciyata ta kama gudu, ina jin ta a kunne kamar ana sussuka. Cikina ya murɗa, darbejiyar ta fara juyawa. Abu ɗaya ne a kaina: ya ɓalle. Ɗinkin ya ɓalle, fura na zuba inda bai kamata ba, asibitin da ya san aikin yana can Abuja, maigidan yana kasuwa. Na hango 'ya'yana a raina sun dawo daga makaranta ana tarbarsu a ƙofar gida da labarin mutuwata. Na yi kalmar shahada, na sulale a kan tabarma.

A nan na ji an kira sunana.

Sunana na yanka, cikakke, sau biyu. Na ɗauka wani ne ya shigo. Da na buɗe ido sai na ga kaina a kan cinyar Inna, tana shafa mini goshi da gefen mayafinta, tana sake faɗin sunan. Ban taɓa sanin yadda yake fita a muryarta ba.

"Auta," na ce da ƙyar, "wayata. Lambar likita ce a sama."

Auta ta kira, ta ƙara murya kowa na ji. Likita ya tambayi abin da na ci, da yawansa, da ko akwai zazzaɓi ko ciwon kafaɗa. Babu. Da ya ji zuma sai ya yi ajiyar zuciya.

"Ga dukkan alamu ba ɗinki ba ne. Zaƙi ne ya wuce hanji da sauri, tunda tumbin da aka rage ba ya iya riƙe shi. Zuma da suga duk ɗaya ne a wurinsa. Ta kwanta, kada a ba ta komai. In awa ɗaya ta wuce bai lafa ba, ko jikinta ya yi zafi, ku kai ta asibiti mafi kusa ku sake kirana."

Awar nan ban san iyakar tsawonta ba. Na yi amai, na koma na kwanta. Inna ba ta ɗaga hannunta daga goshina ba, tana jiran zafin da aka ce. A hankali gudun zuciyar ya ragu, ya koma tafiya.

"Tumbin da aka rage," in ji Inna. Ba tambaya ba ce, maimaitawa take.

Na ɗaga rigata. Tabo biyar ne ƙanana a fatar da ta saki. Ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba ƙwarya ko ta tsage. Na faɗa mata komai, da sugan, da gwiwoyin, da shekara ukun da goshina bai taɓa ƙasa ba.

"Aka kwantar da ke aka yanka, ina nan ina surfe."

"Tsoro na ji, Inna. Kada ki ce na raina abin da Allah ya ba ni."

"Da na faɗa," ta ce. "Da na faɗa, sannan in bi ki." Ta kalli ƙwaryar da ƙudaje suka fara bi. "Ni na ɗura miki. Kika ce kin ƙoshi har da rantsuwa."

"Laifina ne, ban gaya miki ba."

"To yanzu in kin zo me zan ba ki?"

Tambayar da na yi sati bakwai ina gudu ke nan, ga shi ita ma ita ce a ranta.

Bayan mun yi la'asar ta shiga ɗaki, muka ji tana sauke kwanukan jere. Ta daɗe. Ta fito da wani ɗan ƙoƙo da bai fi tafin hannu ba, ya yi ja don tsufa, an ɗinke tsagar gefensa da zare. Ta wanke shi sau biyu.

"Da wannan kakarki ta yaye ki," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Da ta rasu na ɗauko."

Auta ta ce, "Inna, ni ina nawa?"

"Ke da kwanon sha aka yaye ki, shi ya sa ba ki da kunya."

Ta zuba kindirmo zalla, ba fura ba zuma, bai ko kai rabin ƙoƙon ba. Ta turo mini tana kallon kaji. Na ɗauka a hankali, don cikina bai gama hucewa ba, ni ma ban gama yarda da shi ba. Na kurɓa, na jira. Na sake kurɓa, na jira. A ta uku sakatar ta faɗa.

"Na ƙoshi, Inna."

Na ga hannunta ya tashi da kansa ya nufi ludayi. Ya tsaya a hanya. Ta daɗe a haka, sannan ta ɗauki faifai ta rufe sauran.

Daga waje muka ji sallamar maigidan. Inna ta ɗauraye ƙoƙon, ta naɗe shi a tsumma, ta ba Auta.

"Sa wa waccan a jaka. In za ta zo, ta riƙa zuwa da shi."