Takin Hajiya

Ban taɓa shan wahala irin ta shekarar da aka hana amalanke bin titin kasuwa ba. Shekara ashirin ina dakon gero da riɗi da shanuna biyu, rana ɗaya aka ce kashin shanu yana ɓata kwalta. 'Yan adaidaita ne suka kai maganar. Suna da ƙungiya, da hula iri ɗaya, da sakatare mai biro uku a aljihu. Suka je wa ciyaman da alkawarin ƙuri'a, doka ta fito. Mu kuwa sai mu tsaya bayan gari, muna kallo suna kwashe kayan 'yan Maigatari da na Ɗanzomo. Gidana har an fara kwana da kunu.

Mu ma muka kafa tamu ƙungiyar a gindin darbejiya. Aka ba ni shugabanci don na fi kowa murya, ba don boko ba, aji uku na yi na gudu. Sau biyar ina zuwa sakatariya da babbar rigar aro. Kullum amsa ɗaya: ciyaman ya tafi Dutse. A zuwa na biyar ma ina jiyo dariyarsa ta taga.

Sai bazara ta yi, lokacin kai taki gona. Mahaifiyar ciyaman tana da gona cikin rairayi a hanyar Gumel, inda adaidaita ba ta isa ta shiga ba. Duk shekara mu muke kai mata. Na tara mutanena na ce daga yau kowa ya zama mai bin doka. Kwana goma takin yana jibge a ƙofar gidanta, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ta aiko a kira ni.

"Kai ne ka hana a kwashe mini taki?"

Na durƙusa. "Ni wa, Hajiya? Hanyar gonarki ta kasuwa ta bi, hukuma ta ce kada sa ya taka."

"Wace hukumar?"

Na sunkuya ina sosa tabarma.

"Au, wancan?" Ciyaman ɗanta na fari ne, ba ta kama sunansa, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye. Ta ƙwala wa ƙanwarta kira. "Je ki ce masa in kashin shanu yake ƙyama, da shi aka noma geron da ya ci ya yi wannan tumbin."

Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma munafuki, ka zaci ban san akwai hanya ta bayan maƙabarta ba?"

"Akwai, Hajiya. Shanun ne sun tsufa, ba sa son kewaye."

Ta jefe ni da mafici.

Bayan kwana uku aka yi shela cewa kwamiti ya tuntuɓi masu ruwa da tsaki, an janye dokar. Ni dai ban ga kwamiti ba, tsofaffi biyu na gani, Hajiya da ƙanwarta.

Washegari na yi sammako na ɗaura shanu, na loda takin Hajiya har ya yi tozo, na bi ta gaban tashar 'yan adaidaita a hankali. Suna ta danna hon, ni kuwa ina gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar iyali.