Kukan da Ilarie Bai Taɓa Ji Ba

A ƙauyenmu babu wanda bai san Ilarie ba, ko da don muryarsa kawai. In yana gaisawa da mutum a bakin shago, waɗanda ke bayan coci ma sai sun amsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a injin yanka katako na bakin rafi, tsaye kusa da babban zarto tun safe har la'asar, kuma duk wanda ya yi aiki a wurin da ihu yake magana har ya koma ga Allah. Mu dai mun ɗauka halinsa ne, shi ma haka ya ɗauka. In matasa suka ce masa, "Nea Ilarie," wato Kawu Ilarie, "rage murya mana," sai ya ce ai mutanen yanzu ne ba sa cin tuwon masara su ƙoshi, shi ya sa suke magana kamar masu jinya.

Da ya yi ritaya, 'yarsa tilo Doina, wadda ke aikin kula da tsofaffi a Torino, can ƙasar waje, ta aiko masa da wata tsohuwar mota koriya. Wannan mota ta shiga ran Ilarie. Kullum tana cikin rumfar da ya gina mata da hannunsa, kullum a goge. Kuma gaskiya direba ne mai hankali, ba ya gudu, ba ya sha in zai tuƙa. Doka ta ce in ka hau babban titi ka kunna fitila ko da rana tsaka, to shi tun daga bakin kwalta yake kunnawa. Kashewar ce ba ta taɓa zama a kansa ba.

Matarsa Saveta 'yar ƙauyen bayan dutse ce, ƙaramar mace, ba ta da yawan magana. Amma duk ranar da ya dawo daga birni, yana buɗe ƙofar mota, kafin ƙafarsa ta biyu ta taɓa ƙasa, sai muryarta ta fito daga kicin.

"Ilarie, fitila!"

"Na gani!"

"Ka gani ɗin ne ka bar ta?"

"Ke mace, ba ki da aiki ne sai leƙen taga? Gara ma su ɗauke ki aikin ɗan sanda, ko ma huta!"

Sai ya koma ya kashe yana ƙunƙuni. Shekara goma sha ɗaya ana wannan, har maƙwabta suka haddace. Har a gidan biki yakan ba da labari, wai shi bai auri mata ba, mai gadi ya aura. Ita kuwa sai ta yi murmushi ta gyara ɗankwali.

A kakar bara Saveta ta faɗi a lambu tana yankan kabeji, ba ta ƙara tashi ba. Ta daɗe da cewa a kai ta kusa da mahaifiyarta, don haka can bayan dutse aka binne ta, tafiyar kilomita ashirin ta hanyar daji. A wajenmu kyandir ba ya mutuwa a kan sabon kabari sai an yi arba'in. Aikin mata ne, amma Ilarie ya ce babu matar da za ta yi masa. Kowace safiya ya tada mota, ya bi hanyar dajin nan da babu ɗan sanda balle dokar fitila, ya je ya sake kyandir, ya ba ta labarin kaji da ihu, ya dawo. Mutumin da ke cika shago da surutu ya zama in ka gaishe shi sai ya ɗaga hannu kawai. Abin tausayi ne, wallahi, ko mu da ya saba damunmu mun yi kewar hayaniyar.

Ana gobe arba'in ya hau babban titi karo na farko tun rasuwar, ya je tasha ɗauko Doina. Tun a hanya suka fara.

"Baba, na gyara maka ɗaki. In an gama addu'a tare za mu koma."

"In je in yi me? In zauna a bene ina kallon tantabaru?"

"Kai kaɗai ne a gidan nan. In ka faɗi wa zai sani?"

"To uwarki fa? Wa zai je wurinta? Idona garau, ƙafata garau, ga motata. Ranar da kika ga na kasa, ki zo ki ɗaure ni ki tafi da ni. Kafin nan ki ƙyale ni."

Doina ta kau da kai tana kallon titi. Ya sauke ta a gidan maƙwabciyarsu, inda mata ke dafa koliva, alkamar nan da ake haɗawa da zuma don sadakar mamaci. Shi kuma ya wuce gida da rana tsaka, ya shigar da mota rumfa, ya ja ƙyaure.

Washegari tun da sassafe aka shirya. Ga tiren koliva an yi masa ado da gicciyen sukari, ga burodin sadaka a kwando, ga tsofaffi mata biyu cikin baƙaƙen kaya sun shige kujerar bayan mota. Fada, limamin coci, ya ce ƙarfe tara zai fara, don yana da wani ƙauyen bayan nan. Ilarie ya murɗa makulli. Mota ta ce ƙyas, ta yi shiru. Ya sake, ko ƙyas ɗin ma babu.

Aka kira Nelu makanike, wanda gidansa ke kallon nasu. Ya zo da motarsa da wayoyin jona batir, ya leƙa ciki sau ɗaya ya yi dariya.

"Nea Ilarie, ai fitila ka bari tun jiya. Ta shanye batirin tas. Ba ta yi maka kuka ba ne?"

"Wa?"

"Motar mana."

"Mota ce ke kuka? Kai Nelu, da sassafen nan har ka sha?"

 Nelu ya jona wayoyi, mota ta tashi, ya bar ta ta ɗan ɗauki wuta. Sannan ya kunna fitila, ya kashe inji, ya buɗe ƙofar direba. Tsofaffin nan biyu na baya suka yamutsa fuska, ɗaya har da toshe kunne. Karen gidan ya ɗaga kai.

"Ka ji?"

"In ji me?"

"Yanzu haka tana yi, tiit, tiit. Ga wani ɗan maɓalli nan a jikin ƙofa. In ka kashe inji ka buɗe ƙofa, mota ta san fita za ka yi. In fitila na kunne, ko ka bar makulli a jiki, sai ta yi ta tsuwa har ka gyara. Sababbin motoci su suke kashe wa kansu. Irin wannan tsohuwar ba ta iya ba, kira kawai ta iya."

Ilarie ya sunkuya ya kai kunnensa kusa da sitiyari. Ya juya ɗaya kunnen. Yana jin muryar Nelu, yana jin injin motar Nelu na gurnani, amma wannan siririn kukan babu shi. Zarto ya tafi da shi tun tuni.

"Tun yaushe take yi?"

"Tun ranar da aka ƙera ta. Har daga gidana nake ji in ka dawo. Sai in ji ita, sai in ji Tanti Saveta."

Ilarie ya miƙe a hankali ya dubi gidansa, kamar yau ya fara ganinsa. Tagar kicin lambu take kallo. Daga wurin murhu ba a hango rumfar mota, ko mutum ya hau kujera. Shi da ya kafa tagar da hannunsa, shekara goma sha ɗaya yana zargin matarsa da leƙe ta cikinta, yana ba da labarinta a gidan biki ana dariya. Kunya da baƙin ciki suka taso masa lokaci ɗaya, har sai da ya dafa mota.

"Baba, bari in tuƙa," in ji Doina.

"Ni zan tuƙa ta," ya ce, ya karɓi makulli daga hannun Nelu.

Shi ya tuƙa har suka isa. Sun makara da kusan rabin awa, sun tarar Fada na duba agogo, amma ya jira. Aka yi addu'a a bakin kabari, dangi suka kama tiren koliva ana ɗagawa ana saukewa, wanda hannunsa bai kai ba ya dafa kafaɗar na gabansa. Aka raba sadaka, kowa ya ce Allah ya gafarta mata, aka watse zuwa cin abinci. Ilarie ya tsaya da 'yarsa.

"Ba zan tafi ba," ya ce, bai dube ta ba. "Kuka ɗaya ne ba na ji. Zan rubuta takarda in manna a sitiyari."

"Ba ɗaya ba ne, Baba. Ƙararrawar mahaɗar jirgin ƙasa ma ba ka ji. Mama ce ke dafa maka gwiwa ka tsaya, kana cewa tsoro ne da ita."

Ya juyo. "Wa ya gaya miki?"

"Ita. Shekara shida ke nan, a waya. Ta sa na rantse ba zan faɗa maka ba. Ta ce in ka sani za ka ajiye motar, in ka ajiye ta kuma ka gama. Ta ce in dai tana da rai ita za ta riƙa ji maka." Doina ta share hanci da bayan hannu. "Ta ce amma ranar da babu ita, kada in saurari ihunka. In zo in ɗauke ka."

"Ita ta ce?"

"Ita ta ce."

Da Doina ce kawai, da sun kai shekara suna ja, don mun san taurin kansa. Da likita ne da ya zage shi ya fito. Amma kwana arba'in yana cewa saboda Saveta zai zauna, ga shi Savetar ce ta sallame shi tun kafin ta kwanta dama. Ya daɗe a tsaye yana kallon sunanta a jikin gicciyen katako, hawaye na bin gemunsa bai share ba.

Nelu ya biyo su da motarsa don kada ta sake mutuwa a daji, yana tsaye a bakin maƙabarta. Ilarie ya yafito shi, ya kama hannunsa ya danƙa masa makullin.

"Riƙe, taka ce. Amma duk ranar Asabar ka kawo mata kyandir."

"Haba Nea Ilarie, ai ko ba mota zan zo."

"Ka zo da ita dai. Ta san ƙararta."

Ya durƙusa ya gyara kyandirin da iska ta karkatar. Ya yi wa Saveta wata magana, a hankali ƙwarai, har Doina da ke tsaye a kansa ba ta ji abin da ya ce ba. Ranar Laraba ta ɗauke shi suka tafi.